Abokin Yaya Bamalli

...kuma ranar Juma'a za a kashe, in ji Madam Adeola, shugabar ofishinsu, ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfutarta ba. A kashe sabar. Munir yana matse a bayan bas, gosulon Madalla ya riƙe su, mai rake yana ƙwanƙwasa gilashi, shi kuwa maganar ce kawai ke yi masa yawo a ka. Sabar... injin da kamfaninsu ke haya a wata ƙasa, inda duk wayoyin 'yan wasa ke haɗuwa. Ai wasan ba a cikin waya yake ba. In an kashe can, nan sai baƙin allo.

To, wa zai gaya wa Yaya Bamalli?

Yaya da ke kwance a ɗakinsa a Bagama tun da tirela ta bi ta kan mashin ɗinsa, ƙafafu sun daina jin magana. Abokan tasha sun yi ta zuwa, sannan suka rage, sannan shiru. Munir ne ya sa masa wasan da hannunsa — ga abin da muke ƙerawa a Abuja, Yaya, tseren mashin ne, da mutane na gaske kake karawa.

Na gaske...

Tallan ma haka ya ce. Dubban 'yan wasa na jiranka! An ɗauko yaran soshiyal midiya suna ihu a bidiyo. Mutane suka sauke, suka taɓa kwana biyu, suka watse. Fili ya zama wayam. Wa zai zauna jiran abokin tsere da ba ya zuwa? Sai Madam ta ce, cika mana filin. Ya cika. Munir ne ya rubuta su, 'yan wasan bogi na kwamfuta, ya raɗa musu suna, ya koya musu yin kuskure a kwana, su faɗi wani lokaci don mutum ya ji daɗin nasara. Aiki ne. Kowa na yi a harkar, ko ba haka ba?

Ina zai san cewa ɗaya daga ciki zai manne wa Yaya?

Chimdindu. Jiya ma Yaya ke cewa — Munir, yaron nan ɗan kirki ne wallahi, kullum na shiga yana nan. Ka binciko min lambarsa a ofishinku, in gayyace shi ya zo ya ci tuwo. Har aski ya sa aka yi masa. Yaya da ya daina kallon madubi.

To yanzu Munir ya ce masa Chimdindu ya yi tafiya? Ya mutu? Ko ya sayi sabon layi, ya riƙa turo saƙo da sunan... har yaushe? In Yaya ya ce a yi waya fa, ya ji murya?

Ga shi a ƙofar gida, bai ma san sadda ya sauka ba. Dariyar Yaya na fitowa ta taga, yana karanta saƙon da ƙarfi yadda ya saba: "How body today, my brother? I miss you o."

Munir yana tsaye, takalmi ɗaya a cire. Shi ya rubuta wannan layin, wata Talata, yana cin gyaɗa. Yana lalube a ransa ko akwai ranar da shi da bakinsa ya tambayi Yaya jiki haka, tun bayan asibiti... yana ta lalube...