Murjanin da Ya Rage

Ranar uku ga Ƙaramar Sallah, Mboje ta riga kowa isa bakin ruwa. Ta wanke tabarau na shiga ruwa guda biyar da bututun numfashinsu, ta jera su a jirgin mahaifinta, ta zauna tana jira.

Shekara uku ke nan da ta dawo tsibirin Pemba daga karatu a tsibirin Unguja, ta tarar murjanin da ke cikin tekun bayan ƙauyensu ya zama kufai. Mutanen ƙauyen dutse suke ce masa, alhali halitta ce mai rai, tana ci, tana girma, kuma a cikin rassanta kifi ke haihuwa. Masu jefa nakiya don kama kifi sun farfasa rabi, ƙugiyoyin da ake jefawa don tsayar da jirage suka ƙarasa saura, kowa kuma ya ce Allah ne ya kawo ƙarancin kifi. Mboje ta sa maƙeri ya yi mata ƙananan teburan ƙarfe arba'in, ta nutsar da su, ta ɗaure 'yan rassan murjani a kai. Bara aka yi zafin da teku ya yi ɗumi kamar shayin da ya fara hucewa. Talatin da tara suka yi fari fat, suka mutu. Ɗaya ya rayu. Faɗinsa bai wuce na faifai ba, amma shi ne iri. Tunda ya jure wancan zafin, daga jikinsa za a riƙa yankar 'yan rassa a sake dasa wurin duka.

Ranar Asabar masu jirage za su zauna su yanke ko za a hana jefa ƙugiya a wurin. Babbansu kuwa mahaifinta ne, Mzee Shaame, wato dattijo Shaame, abin da ya faɗa shi ake yi. Shekara uku tana roƙonsa ya leƙa ya gani, yana cewa ya ga duwatsu da yawa a rayuwarsa. Sai da yayanta Kombo ya zo Sallah daga Dar es Salaam da matarsa Riziki da yara biyu, yaran suka ce suna son ganin kifi, sannan tsohon ya yarda ya fitar da jirgi. Yau kaɗai take da wannan dama.

Suka iso da hayaniya. Riziki na ɗauke da kular shinkafar pilau da jarkar ruwan sha, Kombo na fama da wayarsa, Mzee Shaame kuwa ya saɓo jikarsa Tatu, 'yar shekara huɗu, a wuya.

"Ku ba amaryata hanya!" yake cewa. "Kai Chumu, matsa can, ɓarawon mata. Na ga take-takenka tun jiya."

Chumu, yayan Tatu, ɗan shekara bakwai, ya ce, "Kaka, ai ƙanwata ce!"

"Haka kowane ɓarawo ke faɗa."

Tatu ta ja hular tsohon. "Ni ba na son miji mara haƙori."

"Au, haka ne? To wa zai sayo miki alewa? Wancan matsiyacin?"

Kombo ya hango tabarau a jere, ya yi dariya. "Farfesar kifi! Yau ma akwai darasi? Mu dai yawon Sallah muka zo, ki rufa mana asiri."

"Yaya, sa wa yaranka rigar ruwa ka rufe mini baki."

Tafiyar rabin awa ce. Da suka iso, Mzee Shaame ya kashe inji ya ɗaga ƙugiya zai wurga inda hannunsa ya saba. Mboje ta riƙe igiyar.

"Baba, don Allah ba nan ba. Ka ƙara gaba kaɗan, akwai yashi."

"Shekara hamsin a nan nake jefa ta."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Ya dube ta, ya dubi surukarsa da ta sunkuyar da kai, ya yi tsaki, amma ya ƙara gaba ya jefa a yashi. Mboje ta ji kamar ta ci rabin yaƙi.

Kombo ya gutsura burodi ya watsa a ruwa, kamar yadda ake yi wa baƙi masu yawon buɗe ido. Nan take ƙananan kifaye masu zane baƙi da fari suka taru suna wawaso. Yaran suka kama ihu.

"To ga shi," in ji Kombo. "Wa ya ce babu kifi? Ku masu boko ba ku da aiki sai tsorata mutane."

Mboje ta leƙa ruwan. Waɗannan kifayen ko a bola ka watsa burodi za su zo, kamar kaji. A ƙarƙashinsu babu komai sai tarkacen rassa masu launin toka, fili guda, shiru kamar maƙabarta. Abin da ke ci mata rai shi ne yaran nan za su koma birni su ce sun ga teku, kuma sun ga yana da kyau.

Ta miƙa wa mahaifinta tabarau. "Baba, sau ɗaya kawai. Murjanin yana can, daidai inda farar gorar nan ke yawo."

"Ni da na yi nutso kafin a haifi uwarki zan sa gilashin Turawa?"

"Kaka tsoro yake ji!" in ji Chumu.

Wannan ce ta yi aiki. Tsohon ya tuɓe riga, ya sa tabarau a karkace, ya faɗa ruwa. Mboje ta bi shi. Duk da shekarunsa, ya nutsa kai tsaye kamar saurayi. Ta gan shi ya tsaya a gaban teburin ƙarfen. Murjanin na nan, ruwan zuma, bakin kowane reshe shuɗi, 'yan kifaye kore suna shiga suna fita tsakanin rassan. Ya daɗe har ta fara tsorata. Da suka taso, ya riƙe gefen jirgi yana haki, bai yi wasa ba.

"Irin wannan ne," ya ce a hankali. "Ina yaro, daga nan har bakin wancan tsibirin haka yake. Ba ka ganin yashi. Na ɗauka irinsa ya ƙare."

"Bai ƙare ba, Baba. Wannan ɗin ne ya rage. In aka bar shi shekara biyar…"

"Ke kika dasa shi?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai. "Lallai kin yi aiki."

Tun dawowarta bai taɓa faɗa mata haka ba. Ta juya fuska ta yi kamar gishiri ne ya shiga idonta.

Aka sauko da yara. Chumu ya koyi bututun nan da nan, ya leƙa, ya ɗago yana ihu ruwa na shiga bakinsa: "Gwaggo, bishiya ce! Bishiya a cikin ruwa!" Tatu kuwa tabarau ya yi wa fuskarta yawa, ruwa ya shiga hancinta, ta ƙwalla ƙara ta maƙale wuyan kakanta. Aka mayar da ita jirgi tana shure-shure.

"Ni ma sai na ga bishiyar! Chumu ya gani, ni ban gani ba!"

"Bari ta huce," in ji Mboje. "In an jima zan riƙe ta da kaina, a hankali za ta iya."

Chumu ya nace sai an kai shi ya ga sauran teburan. Mboje ta ga dama ce ta nuna wa Kombo talatin da taran da suka mutu, ko bakinsa zai mutu shi ma. Ta ja su biyun suka bi layin ƙarafan har ƙarshe. Kombo ya ga fararen ƙasusuwan a jere, ya daina barkwanci. A dawowa ruwa ya fara janyewa yana tura su baya, ga yaro a hannu, sai da suka yi fiye da rabin awa kafin su kamo jirgi.

Tun daga nesa ta ji dariyar Tatu. Ta ji daɗi, ta ce a ranta yarinyar ta huce.

Ta tura Chumu sama, ta kama gefen jirgi ta ɗago. Abin da ta fara gani kumfa ce. Robar wanke kwanuka ce a tsakiyar jirgi, cike da ruwa da kumfar sabulu, Riziki ta durƙusa tana cuɗa wani abu da soso. Kusa da ita ga sandar ƙarfen da Mzee Shaame ke ɓamɓare kawa daga jikin duwatsu da ita, a jiƙe.

"Gwaggo, duba!" in ji Tatu. "Mijina ya kawo mini bishiyar!"

Mboje ba ta san yadda ta hau jirgin ba. Ta ture hannun Riziki ta ɗago shi. Dukansa ne, an ɓamɓaro shi daga gindi, har da guntun wayar da ta ɗaure shi da ita shekara uku da suka wuce. Shuɗin bakin rassan ya tafi. Naman jikinsa na saɓulewa kamar majina, farin ƙashi na fitowa.

"Wane ruwa ne wannan?"

"Na jarka mana," in ji Riziki. "Yauƙi gare shi, ga ƙarni. Na riga na mayar mata da kayan Sallarta, kin san tsadar leshin nan? Na ce bari in ɗauraye mata shi."

"Tun yaushe?"

"Kuna tafiya Baba ya ciro shi. Ya ɗan sha rana, sannan na jiƙa shi. Wai lafiya?"

Da a ce ciro shi kawai aka yi, da ta mayar ta ɗaure, wataƙila ya kama. Amma ruwan daɗi kashe murjani yake, balle da sabulu, balle rabin awa. Ta san wannan kamar yadda ta san sunanta.

Ta juya ga mahaifinta. Yana zaune a bayan jirgi yana shan shayi, fuskarsa cike da jin daɗin mutumin da ya yi abin kirki.

"Baba, me ka yi?"

"Amarya ta yi kuka. Ina zaune matata na kuka a kan abin da hannuna zai iya kaiwa? Kuma baƙuwa ce, ta zo daga birni, ta koma hannu wofi?"

"Na faɗa maka shi kaɗai ne! Yanzun nan na faɗa maka! Da bakinka ka ce ka ɗauka irinsa ya ƙare!"

"Shi ya sa na ga ya dace da ita. Da mummuna ne zan ba jikata?"

"Ka kashe shi, Baba! Rai gare shi! Shekara uku ina faɗa, a gida, a masallacin mata, a taronku, rai gare shi, rai gare shi, babu wanda ya ji! Ku ci kifin, ku fasa gidan kifin, ku zauna a inuwa kuna cewa ƙaddara!"

"Ke, Mboje!" Kombo ya daka mata tsawa. "Da Baba kike magana. A gaban matata, a gaban yara, ranar Sallah?"

Tatu ta fashe da kuka. Riziki ta janye ta tana cewa, "Yi shiru, ba da ke take ba. Ni dai da na san abin faɗa ne da ban taɓa ba. Dutse dai."

Mzee Shaame ya ajiye kofi. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya yi magana da muryar lallashi, irin wadda ake yi wa yaron da abin wasansa ya karye.

"Haba uwata. Ke da kika iya dasawa? Ki dasa wani. Teku ne fa, ba ya ƙarewa. Ni zan biya maƙerin."

"Da wane iri?"

Bai gane tambayar ba.

Mboje ta ɗauki murjanin ta koma ruwa. Tatu na ihu a mayar mata da bishiyarta. Mboje ta nutsa, ta ɗora shi a kan teburin, ta murɗa wayar da yatsu har ta yanke ta. Duk inda ta taɓa, naman na bin hannunta yana narkewa a ruwa. 'Yan kifayen kore suna nan suna zagaya ƙarfen, sun zo sun shinshina rassan, suka watse. Ta taso ta shaƙi iska, ta koma, ta sake ɗaurewa. Sau huɗu tana yin haka, tana sane sarai gawa take ɗaurewa.

Da ta hau jirgi an riga an zuba pilau. Riziki ta ajiye mata nata a gefe an rufe da faranti. Babu mai kallon idonta. Tatu ta yi shiru, an ba ta mandazi, wani irin fanke, an yi mata alkawarin wata bishiyar.

Mzee Shaame ya wanke hannu a teku, ya matso kusa da ita, ya rage murya don kada surukarsa ta ji.

"Maganar Asabar ɗin nan. Da na yi niyyar in goya miki baya, Allah ya sani. To amma kin san mutanen nan, za su tambaye ni me ke wurin da za a hana su tsayawa. Wanda kika mayar ɗin, zai tashi?"

"Ba zai tashi ba."

"To kin gani." Ya numfasa, kamar an sauke masa kaya. "Sai mu bar maganar tukuna, kada a yi mini dariya. In kin dasa wani ya girma, sai a zauna."

Ya miƙe ya tafi wajen inji, yana kiran Kombo ya jawo ƙugiya kafin ruwa ya gama janyewa ya bar su a kan duwatsu.