Bakin Ermete, Muryar Wani

A garinmu Pietracava, in kana son raba abokai biyu, ba sai ka kawo zancen siyasa ko ƙwallo ba. Ka ambaci "Ruwa Ya Jiƙa Albarushi" kawai, ka ja kujera ka sha kallo. Fim ɗin kaboyi ne, a ramin da ake fasa dutse bayan gari aka ɗauke shi tun ina budurwa. Har yau rabin gari na cewa ba a taɓa yin irinsa ba, ɗaya rabin na cewa Allah ya sa kada a sake.

Ni ina cikin rabin farko, kuma ba na ɓoyewa. Sunana Nives. Mijina Ermete mahauci, Allah ya jiƙansa, yana cikin fim ɗin.

Na san abin da ke ƙona wa mutane rai. An ce kaboyi, amma babu doki ko ɗaya, sai alfadarai. Ruwa ake tafkawa tun daga farko har ƙarshe. Jarumin mai haƙar rijiya ne da ciwon haƙori ya hana shi sakat. Da aka zo ƙarshe, shi da bos suka tsaya gaba da gaba, suka ja kunama, bindigogin suka ƙi tashi don albarushi ya jiƙe. Sai suka zauna a ƙarƙashin rumfa suka ci wake a kwano ɗaya. Shi ke nan, fim ya ƙare.

Attilio, mai shagon kofi kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu kallon fim, ya ce wannan cin amana ne, an kai mutum har bakin tukunya an ce ya koma da yunwarsa. Ilaria mai kantin magani ta ce shi kaɗai ne fim ɗin kaboyin da bai yi wa mutane ƙarya ba, shi ya sa baƙi ke tasowa tun daga Jamus su ɗauki hoton ramin dutsenmu. Gaspare mai aski kuwa ya rantse cewa daraktan bai shirya komai ba, damina ce ta rutsa da shi, ya ga ba mafita ya ce ai basira ce. Sun yi shekaru suna wannan musu, ba wanda ya taɓa matsawa ko taku ɗaya.

Amma rigimar gidana daban ce. A zamanin, masu fim ɗinmu ba sa ɗaukar sauti a fili. Hoto kawai suke ɗauka, daga baya a je Roma a samo masu murya su ɗora magana a kan bakin kowa. Darakta ya ga Ermete yana saran ƙashi, ya ce wannan fuskar yake so. Aka tsayar da shi a bakin rijiya cikin ruwan sama, aka ce ya motsa baki da duk abin da ya ga dama, ko ƙirge ne. Ermete, wanda in ya yi gyaran murya kwanuka ke amsawa, sai ga shi a majigi da wata 'yar siririyar murya mai rawa, yana roƙon bos kada ya ƙwace masa akuyarsa, ita kaɗai gare shi a duniya. Tun daren da aka fara nuna fim ɗin, sunansa ya koma Akuya. Ya zama al'ada, duk lokacin da fuskarsa ta cika majigi sai 'yan kallo su ɗau kukan awaki.

Ko a jikinsa. Shi ma yakan taya su kukan, har ya fi su ƙarfi. Ni kaɗai na san abin da bakinsa ya faɗa a bakin rijiyar, domin ina tsaye a bayan kyamara da kwandon burodin da na kawo wa ma'aikata. Ya ce in bar wa cikina, su ci gaba da kukansu, wannan namu ne. Na bar wa cikina har na binne shi.

Wanda abin ya ci wa rai shi ne ɗanmu Tullio. Tun yana makaranta ake kiransa ɗan Akuya, ya yi dambe a kai har ya gaji. Da uban ya rasu bara, mai ɗab'i ya buga sanarwar mutuwa yadda aka saba, suna a sama, laƙabi a ƙasa, don a garin nan in ba a sa laƙabi ba ba wanda zai gane wa ya mutu. Tullio ya bi bango yana yayyage su. Ni kuma na bi bayansa da bokitin gam na sake mannawa. Mun yi mako ba mu gaisa ba.

To, bana sai ƙungiya ta ce za ta nuna fim ɗin ranar Lahadi da yamma a zauren coci, karo na farko tun rasuwar Ermete. Aka taru a shagon Attilio don a tsayar da magana. Tullio, wanda shi ke kula da na'urar haska fim, ya miƙe ya ce yana da sharaɗi: za a nuna, amma zai tsallake wurin rijiya. Ba zai zauna ana kukan awaki a kan mamaci ba.

Ka ga ikon Allah, ranar ce kaɗai na ga maƙiyan fim ɗin da masoyansa sun haɗa kai. Attilio ya ce da ma za a tsallake duka da ya fi. Gaspare ya gyaɗa kai. Har Ilaria, wadda ke cewa taɓa fim ɗin saɓo ne, ta sunkuyar da kai ta ce saboda mutunci a yi haƙuri. Kowa ya ɗaga hannu, ban da ni.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Attilio, kai da kake barci tun kafin alfadarin farko ya wuce, yaushe ka zama mai yanka fim? Ke kuma Ilaria, ashe son naki na baki ne."

Attilio ya ce, "Haba Nives, mutunta mijinki muke yi."

Na ce, "Yana raye kun yi masa kukan awaki, yanzu da ya mutu za ku share shi daga majigi, wai sunansa mutuntawa. Ku riƙe mutuncinku, ni mijina nake son gani."

Tullio ya ce an riga an ɗaga hannu. Na ce nawa hannun bai ɗagu ba, kuma ni na haifi mai na'urar. Na shanye kofina na fita.

A duk duniya nan ne kaɗai Ermete ke motsi. Hotunan da ke kan kabad ɗina duk a sandare yake, cikin kwat ɗin da ta matse shi. A bakin rijiyar nan kuwa yana ƙifta ido, ruwa na zuba daga gashinsa, yana saurayi. Shi ne za a tsallake mini don kada wasu tsofaffin banza su ji kunyar kansu.

Ranar Lahadi na sa baƙar rigata da 'yan kunnen aurena. Zauren ya cika, har da baƙi biyu masu manyan kyamarori. Ban zauna a layin gaba inda aka ajiye mini wuri ba. Na ja kujera har bayan zaure, na dasa ta a gefen teburin Tullio. Ya dube ni ya ce, "Mamma, don Allah kada ki fara." Na ce ban ce komai ba, kallo na zo.

Fim ya fara, ruwa ya fara zuba, Attilio ya fara tsaki. Gaspare na nuna wa na kusa da shi inda ƙafar mai riƙe da lema ta shigo hoto. Ilaria na ce musu su yi shiru. Da alfadarin bos ya karyo kwanar ramin dutse, na san saura kaɗan. Tullio ma ya sani, na ga ya ɗora yatsa a kan maɓallin.

Na riƙe wuyan hannunsa. Ban finciko ba, riƙewa kawai na yi. Na ce, "Ka taɓa kallon bakinsa, ko kunne kawai kake kasawa kamar sauran?"

Kafin ya amsa, fuskar Ermete ta cika majigi. Siririyar muryar nan ta fara roƙon akuya. Da farko kowa na jin nauyi, sai wani daga tsakiya ya kasa daurewa ya saki kukan a hankali, wasu suka kama. Hannun Tullio ya yi tauri a cikin nawa. Na kai bakina kunnensa, na bi leɓen ubansa kalma bayan kalma, ba sai na tuna ba, a gabana yake faɗa:

"Nives, ajiye kwandon nan ki dube ni. Ni ban iya magana ba, yau da aka ce ba mai ji shi ya sa na samu baki. Ba ni da komai sai wuƙa da hannu biyu. In kin ƙi ni, a nan zan tsaya har ruwan nan ya cinye ni."

A majigi Ermete ya rufe baki, ya ci gaba da kallon gefen kyamara, inda masana suka daɗe suna cewa wai yana hango mutuwarsa ne. Bos ya wuce. Tullio bai danna komai ba. Na saki hannunsa, ya bar shi nan a kan tebur kamar ba nasa ba.

Sai da aka kai wurin cin wake, Attilio ya miƙe kamar kullum yana cewa a harbi wani mana ko don darajar Allah, Ilaria na ce masa ya zauna, sannan Tullio ya juyo. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Ke kuma me kika ce masa?"

Na ce, "Ba ga ka nan zaune ba?"

Da aka kunna fitila, musu ya ɓarke tun kafin a tashi daga kujeru. Attilio ya hango mu ya ɗaga murya ya ce ai an yi da Tullio zai tsallake wurin. Tullio yana naɗe waya bai ko ɗago ba, ya ce, "Ɗan Akuya ne ke riƙe da na'ura. Wanda bai so ba ya kawo tasa."