Keken Datti da San Sa'idu

Ranar da Datti Maƙeri ya rasu a Paki, duk wanda ya shigo ta'aziyya sai ya ce, "Allah Ya jiƙan mai kyauta." Uwargidansa Ummuhani takan rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Mata sun ɗauka kuka ne zalla. Rabinsa dariya ce, don ita ta san abin da kyautar nan ta ja mata.

Datti mutum ne da daga sallar asuba sai maƙera, ba ya ajiye guduma sai an kira magariba. Garma da fartanya da laujen ƙauyukan Ikara da yawa daga hannunsa suka fito. 'Ya'ya da jikoki da 'ya'yan ƙanne duk tukunyarsa suke ci. Aibinsa guda ne: ba a yaba masa abu ya kwana da shi. Akwai baƙon da ya yabi tabarmar da suke zaune a kai, a ƙasa suka ƙarasa hirar.

Ba wanda ya gane wannan lagon kamar taubashinsa Sa'idu, manomin rake a Taba. Ya yabi hula, ya yabi rago, ya yabi bargo, duk sun bi shi gida.

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, Datti ya sayo keke sabo fil a kasuwar Makarfi. Ummuhani ta yi murna, don gwiwoyinsa sun fara gajiya da cin kasuwa a ƙafa. Ta ce, "Malam, in ka ji sallamar Sa'idu, a tura keken nan bayan rumbu."

Ba a tura ba. Sa'idu ya zo, ya zagaya keken, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce, "Kai, Yaya Datti, ban taɓa ganin ƙarfe mai kyan wannan ba!"

Ummuhani tana bayan zana tana ta tarin ƙarya. Datti ya ce, "Hau ka tafi, ɗan'uwa. Uwargida, sha ruwa mana."

Da kaka ta yi, matar Sa'idu ta haihu, Ummuhani ta tafi Taba suna. Tana shiga ta ga wani jibgegen sa a turke, wanda Sa'idu yake kiwatawa don kasuwa. Ta aika aka kira mata sanƙira bakin zaure, ta cika masa hannu da goro, ta raɗa masa magana.

Ana shafa fatiha, ƙofar gida cike da malamai da dattawa, sanƙira ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! Matar Datti ta yabi san gidan nan, Sa'idu kuwa ya ce shi ma jinin kyauta ne, ya ba ta halak malak!"

Wuri ya ɗauki "Madalla! Allah Ya ƙara arziki!" Liman ya kama hannun Sa'idu yana sa masa albarka. Sa'idu ya dubi jama'a, ba yadda ya iya, ya sa aka kwanto san.

Da aka jawo san zuwa Paki, Datti ya yi dariya har ya saki zugazugi. Ummuhani ta ɗaure abinta a tsakar gida, ta ce, "Wannan nawa ne, Malam. Mai son yabo ya zo gabana ya yi."

Datti ya wanke hannu, ya tara 'ya'ya da jikoki, ya zagaya san a hankali yana shafa tozonsa. Sannan ya ce, "Uwargida, ban taɓa ganin sa mai kyan wannan ba."

Yara suka zuba mata ido. Ta harare shi, ta harari san, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Ɗauka. Allah Ya shirye ka da tsufanka."

Ranar Juma'a aka yanka. Ba gidan da bai ɗora tukunya ba a unguwar, har matafiya aka tare a hanya aka ba su. Sa'idu ma ya ji labari, ya iso a kan keken yana kaɗa ƙararrawa, ya ci fiye da kowa. Da ya suɗe hannu, ya ɗaga akushin da aka zuba masa yana jujjuyawa, ya fara cewa, "Kai, wannan akushi..."

Ummuhani ta miƙo hannu ta bayan zana ta fizge kayanta.