Jan Zare a Kunnen Kanar

"Riƙe masa wuya da kyau mana, Mama Benedicta. Kin wani lallaɓa shi kamar ƙwai."

"Tsakanin ni da kai wa hannunsa ke rawa? Ba ni allurar nan kafin ka tsone masa ido."

Tata Evaristo, wato Baba Evaristo a harshensu, bai ba ta ba. Yana zaune bisa kujerar da maƙwabciyarsa Benedicta ta fito masa da ita bakin garke, lulluɓe da barguna biyu, ga rana ta take amma haƙoransa sai haɗuwa suke. Kanar, tsohon farin lamansa, dabbar dakon nan mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, ya durƙusa a gabansa ya miƙe dogon wuyan nan yana hararar kowa. Da ƙyar tsohon ya tsinke shuɗin zaren da ke kunnen dabbar, ya zura ja a gurbinsa, ya ƙulla. Shuɗi alamar gidan Ticona ce, wato dangin Evaristo, ja kuwa ta gidan su Benedicta. Ko yaron goye a ƙauyen nan na saman garin Ilave ya san haka.

"Shi ke nan, ya zama naki," in ji shi, yana haki.

"Me zan yi da wannan uban girman kan? Bai ɗaukar kaya, gashinsa ya yi kaushi, ga tofa wa mutane yawu."

"Ki ciyar da shi. Aikin ke nan."

Haka Evaristo yake tun da ya ajiye tuƙin bas tsakanin Puno da Juliaca ya dawo gida bayan rasuwar matarsa. Ya sayi alfaka shida, 'yan uwan lama masu lallausan gashi, da lama ɗaya, kuma tun daga ranar bai sayar ba, bai yanka ba. Kowace da sunanta. Yakan taje su, ya kunna musu rediyo, in an yi sausaya ya kwashe gashin ya zube wa Benedicta a tsakar gida ta kaɗa abinta. Makiyayan gaske suna yi masa dariya, wai direba ya buɗe masaukin baƙi. Shi ko a jikinsa.

Sai da ta mayar da shi ɗaki ta kwantar da shi sannan ya faɗi abin da ke cinsa.

"Ranar takwas Casimiro zai zo da wuƙa. Na san ƙanena."

Benedicta ta gane nufinsa. Kowa ya san abin da ake yi ranar takwas da mutuwa: a ƙulle tufafin mamaci a ɗora wa lamansa, a hau da shi tudu, a yanka shi, a ƙone kayan, don ya ɗaukar wa ubangidansa a doguwar hanyar da zai bi.

"Al'ada ce, Tata. An yi wa mijina."

"An yi wa mijinki da laman da ko sunansa bai sani ba. Wannan kuwa shi ya riƙa jirana a bakin ƙofa lokacin da ba ni da mai jira. Ni da na ƙare rayuwata ina ɗora kayan mutane a saman mota, buhun dankali, katifa, har alade mai rai, a ce na kasa ɗaukar tsummokarana? Ai da na ji kunya."

"In ka gaji a hanya fa? In ka dawo kana damun mutane?"

"Ke zan fara zuwa wa, ki ba ni miya."

Ta yi tsaki ta gyara masa bargo. Gaskiyar magana tsoro ne fal cikinta, don ita ba ta wasa da abin da ta tarar iyaye na yi. Amma ta ce masa to, kuma Benedicta ba ta iya yin to biyu ba.

Bai daɗe ba bayan haka. Wata safiya ta shigo da miyar busasshen dankali tana tururi, ya buɗe ido ya ce, "An buɗe wa yaran nan?" Ta ce sai ya sha ko cokali uku ne tukuna. Ya ce a'a, su ne gaba. Ta fita tana mita, ta janye icen garke, alfaka suka fito a jere suna taka raɓar da ta daskare. Ko da ta dawo ya tafi. Ta zauna a bakin gadon ta yi kukanta ita kaɗai har miyar ta huce, sannan ta rufe masa ido ta fita kiran mutane.

'Yarsa Delfina ta zo daga birnin Arequipa, aka yi jana'iza, aka tauna ganyen koka, goron mutanen yankin, aka faɗi alherinsa har da waɗanda suka fi kowa yi masa dariya. Ranar takwas da hantsi dangi suka taru a tsakar gida. An wanke tufafin an ƙulle: kwat ɗinsa ta direba, barguna, takalma, hula, rediyon ma an cusa. Tata Casimiro ya nufi garke da igiya a hannu, wuƙa a ƙugu. A bakin garken ya tarar da Benedicta tsaye ƙyam.

"Matsa, Mama."

"Wa kake nema?"

"Kin fi ni sani."

"Dubi kunnensa, Tata Casimiro. Ko idon ne ya fara tafiya?"

Ya duba. Ya sake dubawa. Fuskarsa ta haɗe.

"Wa ya sa wannan?"

"Wanka, da hannunsa. Dubi ƙullin, duk ƙasar nan wa ke ƙulli a karkace haka in ba direba ba?"

Wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta toshe baki da gefen mayafi. Ba wanda ya taɓa sa wuƙa a wuyan dabbar da ke ɗauke da zaren wani gida, Casimiro ma ya san ba shi zai fara ba. Ya juya wajen 'yar wansa.

"Delfina, kina ji ana wasa da hanyar ubanki."

Delfina ta sunkuyar da kai. "Baffa, ya faɗa mini a waya. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Sai muryar Casimiro ta karye, kuma a nan ne Benedicta ta ji tausayinsa, don ba mugunta ta kawo shi ba.

"Mutumin da ko tsakar gida bai iya ƙetarewa," in ji shi. "Ƙafafunsa sun kumbura, kin gani da idonki. Haka za mu sake shi da kaya niƙi-niƙi? Wa zai kai masa?"

"Ni zan kai masa har kan tudu. Daga can ya ce zai iya."

"Ke? Da wannan bayan naki?"

"Da shi na goyi 'ya'ya biyar, bai karye ba."

Ba ta jira amsa ba. Ta shimfiɗa zanen goyonta, ta mirgina ƙunshin a kai, ta durƙusa ta ja bakin zanen ta ƙulle a ƙirji. Tashin farko ta koma ƙasa. Delfina ta matso za ta taimaka, ta daka mata harara. Tashi na biyu ta miƙe.

Tudun nan ba wasa ba ne, ko samari sai sun tsaya shan iska. Benedicta ta sa kai, gwiwoyinta na ƙara, rediyon yana sukar ta a haƙarƙari, tana tafe tana yi wa mamacin faɗa ƙasa-ƙasa. "Bargo har biyu, Evaristo. Takalmin ƙarfe ne wannan? Kai dai ko a mace sai ka ba mutum aiki." Jama'a na biye da ita. Wani ya manta garken a buɗe, sai ga Kanar ya biyo sahu, bayansa wayam, yana taku ɗai-ɗai kamar shi aka zo rakiya. A tsakiyar hawa ta yi tuntuɓe. Hannu ya tallafo ƙunshin ta baya ya rage mata nauyi. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji ƙamshin tabar Casimiro. Haka suka ƙarasa.

A saman tudu ta kwance zanen, ta zube a ƙasa. Casimiro ya jera kayan, ya yayyafa giya da ganyen koka, ya tsaya ya daɗe kafin ya ƙyasta ashana.

"To, Yaya," in ji shi, "ga kayanka nan. Ka bi a hankali, in ka gaji ka huta."

Wuta ta kama. Mutane suka juya baya suka fara gangarawa, amma Benedicta ta zauna tana mayar da numfashi. Iskar tudu ta busar da gumin jikinta, sanyi ya fara shigarta. Kanar ya zagayo, ya naɗe ƙafafu ya durƙusa dab da ita yana tuƙa. Ta jingina bayanta da gashinsa mai ɗumi, su biyu suna kallon hayaƙin yana tafiya a hankali wajen babban tafkin da ke can ƙasa.