Kaset ɗin Sunan Maimuna

Malam Mansir ya riƙe kaset ɗin da hannu biyu, yana duban rubutun da ke jikinsa: Sunan Maimuna, 1994. Rubutun matarsa Rabi'atu ne. Ita kuwa tana zaune a kan darduma da jikarta jaririya a cinya, tana jira.

"Baba, saka mana," in ji Maimuna. "Tun ina ƙarama ake cewa da Inna Hamsatu nake kama. Yau dai in gani da idona."

Inna Hamsatu ita ce mahaifiyar Rabi'atu. Ta rasu wata huɗu bayan sunan, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don ba ta yarda ta tsaya gaban mai hoto. Ranar nan kaɗai kyamara ta kama ta. Yanzu Maimuna ta haihu, an sa wa jaririyar sunan tsohuwar, mijinta kuma ya kafa wani faffaɗan talabijin a bangon falonsu na unguwar Gwallameji. Shi ya sa ta dage sai da aka ɗauko kaset ɗin da tsohuwar na'urar bidiyo daga gidan iyayenta.

A unguwarsu ta Ɗan Iya kowa ya san Mansir da tara tsofaffin finafinan jarumta. Kabad uku ya cika da su: na mahaya dawakai, na masu neman zinariya a daji, na mayaƙan teku. Kowanne da lambarsa, ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kansu. Amma wannan kaset ɗin, shekara ashirin da ɗaya ke nan yana ɓoye shi a bayan sauran.

Abin da ya faru shi ne, wata Asabar abokin aikinsa Elias ya dawo daga Jos da wani fim na mayaƙan teku, irin wanda ba a datse wa gefe ba, mai baƙin layi sama da ƙasa. Mansir ya daɗe yana nemansa. Elias ya ba shi aro da na'urarsa, ya ce washegari zai mayar wa mai shi. Babu sabon kaset a gidan, ana kuma sheƙa ruwa, Rabi'atu ta tafi Inkil gaisuwa. Mansir ya ɗauko kaset ɗin sunan, ya liƙe ramin da ke hana a ɗauki wani abu a kansa da salatif, ya kwafi fim ɗin a kai. Ya ce a ransa ai mai ɗaukar bidiyon yana da na asali. Da ya je wajensa bayan mako biyu, mutumin ya ce ya riga ya ɗauki wani biki a kansa.

Tun daga nan, duk lokacin da Rabi'atu ta tambaya, sai ya sami abin faɗa. Yau babu wuta, gobe na'ura tana cin zare.

Ya tura kaset ɗin ciki. Allon ya yi yayyafi, sai ga teku ya cika bangon, da jirgi, da wani Bature mai takobi yana ihu.

"Kai, Baba, ka ɗauko wani daban," Maimuna ta ce tana dariya.

"Shi ne."

"To ina sunan?"

Mansir ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya faɗi komai, idonsa a ƙasa. Bai rage ko salatif ɗin ba.

A bango ana ta sare-sare.

"Malam," in ji Rabi'atu a hankali, "ashe duk shekarun nan da nake goge masa ƙura, wannan nake goge wa?"

"Ki yafe mini."

Ya miƙa hannu zai kashe, ta ce, "Bar shi. Ina so in ga abin da ya fi uwata."

Haka suka zauna. Mansir bai taɓa iya kallon wannan kwafin ba tun ranar da ya yi shi, bai kuma taɓa ganin fim ɗin da kyau irin na yau ba: jirage bakwai a jere daga wannan gefe zuwa wancan, babu wanda aka yanke. Abin da ya yi shekaru yana kwatanta wa abokai ke nan. Gumi yana bin bayansa, ya rasa inda zai sa idonsa. Aka kira la'asar, suka tsayar suka yi salla, Rabi'atu ta ce a ci gaba.

Fim ya ƙare, sunaye suka gama hawa. Maimuna ta tashi za ta zare waya, sai hoton ya yi rawa, ya karkace, ya daidaita.

Tsakar gidansu ne na Ɗan Iya. Guntun zaren da fim ɗin bai kai gare shi ba. Taro ya watse, an kife tukwane, mai kyamara yana bin wata akuya da ke lasar tabarma. Ba fuskar kowa. Sai wata murya ta fito daga gefe, muryar tsohuwa, mai ɗan kaushi.

"Rabi, a kai wa uban yarinya nasa tuwon. Tun safe bawan Allah yake tsaye a kan baƙi, ko ruwa ban ga ya sha ba."

Allon ya koma shuɗi.

Rabi'atu ta rufe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi. Maimuna ta karɓi jaririyar daga cinyarta.

"Ita ce, Umma?"

Rabi'atu ta gyaɗa kai. Can ta share fuska, ba tare da ta dubi mijinta ba ta ce, "Malam, mayar da shi baya kaɗan. A hankali, kada ya tsinke."

Mansir ya durƙusa gaban na'urar. Sai da ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya iya danna maɓallin.