Baƙon da ke Cikin Kwalba

Tun da aka kawo sabuwar kwamfuta ɗakin bakwaini, Sista Belinda ta kasa zama wuri ɗaya. Duk wanda ta gani sai ta jawo shi ya kalla. Ita kwamfutar ba magani take rubutawa ba. Idan shawara ta yi wuya a kan jariri, sai ta riƙa jero wa likita da iyaye tambayoyi, kuma ba ta yarda a tsallake ko ɗaya.

Ranar da za a fara gwada ta, sai ga Baba Kadiri daga Nyanshegu, surukin Adiza mai jego, ya zo ɗaukar jikansa da ke kwance cikin kwalba da robar iska a hanci. Jibi suna.

Dokta Yidana ya faɗa masa gaskiya: in aka cire iskar, da wuya yaron ya kai gida da rai. Tsoho ya ce ya ji, amma za a tafi. Belinda, mutuniyar kudu, ta cika ta yi fam. A ranta ta riga ta yanke cewa shinkafar suna ta fi wa tsohon nan jikansa.

Ta shiga karanto tambayoyin tana danna madanni da haushi, har ta iso inda aka ce: me iyalin suka fi tsoro? Akwai wanda ba a ji bakinsa ba?

Aka juya ga Adiza, wadda ba ta saba buɗe baki gaban surukinta ba.

"Sista," ta ce, idonta a ƙasa, "a wurinmu yaro baƙo ne sai an ba shi suna. In ya koma haka, wa za mu ce ya zo gidanmu? Shi ne Baba yake tsoro. Ni kuma ina so ya zauna nan."

Kunya ta rufe Belinda, amma murna ta fi ƙarfinta.

"Dokta, to sunan ba zai iya zuwa nan ba?"

Likita ya ce zai iya, sai dai aski ya jira. Baba Kadiri ya daɗe yana shafa gemu kafin ya gyaɗa kai.

Ranar suna Belinda ta yi ta kai-kawo kamar ita ta haihu. Da ta nuna wa tsoho yadda zai wanke hannu har gwiwa, ya ce ta huta, ya girme ta a alwala. Ya sunkuya bakin 'yar tagar kwalbar ya yi raɗa, yaron ya motsa ƙafa.

Ya ɗago ya dubi Belinda.

"'Yata, faɗa wa injinki. Sunansa Wumpini, kuma a nan zai zauna."