Ranar da Garga Ya Gyara Shagon Tela

A shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin yadi ya ninka a kasuwar Mokolo cikin mako guda, azumi kuma ya shigo a kan haka. Duk wanda ya kawo wa Sha'aibu tela shadda ko atamfa, da kyar ya saye ta, kuma ba shi da ta biyu.

Shekara talatin Sha'aibu yana ɗinki a unguwar Briqueterie bai taɓa rubuta awon kowa ba, don bai yi boko ba. Kowane mai kawo masa ɗinki yana da igiyarsa ta tsumma, wadda aka auna shi da ita tun zuwansa na farko: ƙulli ɗaya kafaɗa, na biyu hannu, na uku ciki, na ƙarshe tsawo. In ka kawo yadi, sai ya zaro igiyarka daga ƙusa ya naɗe ta a ciki, ya jefa yadin kusurwar da ke duban gidanku. Na mutanen unguwar Messa a gindin taga, na mahauta a bayan ƙofa. Baƙo in ya leƙa sai ya rantse awaki ne suka kwana a ciki.

To, akwai Garga, ƙanin matarsa Karimatu. Ya daɗe yana jera takardu a wani ofis a Bamenda, aka rage ma'aikata, aka sallame shi. Kullum sai ya zo shagon da gogaggiyar riga ya zauna a benci. Mutumin kirki ne, zaman banza ne kawai bai iya ba.

Saura kwana tara sallah, Sha'aibu ya tafi Mokolo sayen zare da maɓallai. Bai samu taksi ba, ya tako da ƙafa cikin rana. Da ya iso ƙofar shagonsa sai ya wuce, don bai gane shi ba. Ya dawo da baya.

An share, an yayyafa ruwa. Fararen yadi a jere gefe guda, shuɗi a gefe, atamfofi an ninke su kamar a kanti. A kan keken ɗinki ga dami guda na igiyoyi, an warware kowane ƙulli, an goge su sumul da dutsen guga.

"Yaya, sannu da dawowa," in ji Garga, yana murmushi. "Tsummokaran nan ne suka ba ni wuya. Har da haƙori na sa."

Sha'aibu ya zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa. Yadi ashirin da bakwai. Bai san na wane ne wanne ba, bai san faɗin kafaɗar ko mutum ɗaya ba. In ya sa almakashi a kan zato ya ɓata, ba shi da abin sayen wani, kuma sunan da ya tara shekara talatin ya tafi ke nan.

Da ya gama bayani, Garga ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Yaya, a ofishinmu akwai kalmar Turanci da ake rubuta wa mai irin wannan laifi. Disrupt. Ba a faɗarta ga wanda ya fasa tulu. Sai ga wanda ya tarar da abu yana tafiya daidai, ya shiga ya hargitsa shi. Ni kaina na buga wa mutum uku ita a takarda."

"Yau ka buga wa kanka," in ji Sha'aibu. "Tafi ka kira yayarka, kafin azumina ya karye a kanka."

Karimatu ta zo, ta duba shagon, ta duba ƙaninta, dariya ta kama ta har ta dafa bango. Sha'aibu ya so a rufa asiri, a bi gida gida a ɓoye.

"Malam, gida ashirin da bakwai a kwana tara? Yaushe za ka yi ɗinkin? Bar ni da su," in ji Karimatu.

Mace ɗaya ta gaya wa, Zuhura mai ƙosai. Kafin la'asar ta washegari layin ya cika har masu taksi suna zagayawa ta baya.

Sha'aibu ya fito da shirin shan zagi. Ya kuwa sha. Amma mata ba sa manta zanensu. Kowace ta miƙa hannu ta zaro nata ba tare da ta duba sau biyu ba. Maza ne suka tsaya zuru a gaban farar shadda bakwai, sai da matansu suka zo suka raba gardama. Wata ta gane ta mijinta da ƙanshin turaren akwatinta.

Aka shiga awo, Karimatu da mata a ciki, Sha'aibu da maza a waje. Alhaji Abdussamad mahauci ya fara tsayawa. Sha'aibu ya zagaya cikinsa da tsohuwar igiyarsa, wadda ya gane da launin tsummanta, sai ya ga tsohon sawun ƙulli, wanda guga bai gama shafewa ba, ya wuce da taƙi guda da rabi.

"Alhaji, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran cikin."

"Ka tambayi waɗanda suka karya sefa, su suka ci shi," in ji Alhaji. Layin ya ɗauki dariya.

Haka aka yi ta yi. Malamin makaranta da aka yanke wa albashi ya rage, direba ya rage, mai gadi ya rage. Shekaru Sha'aibu yana yanka musu yadi a kan jikin zamanin ƙoshi, su kuma suna ta ninke wando a ƙugu ba wanda ya ce uffan. Ya tsaya da igiya a hannu yana lissafi a ka. Can ya ɗaga murya.

"Duk mai ƙaramin yaron da ba a yi wa kayan sallah ba bana, ya je ya kawo shi. Akwai riga a cikin yadin ubansa."

Layin ya watse da gudu. Ba a jima ba ya sake cika, wannan karon da yara, wasu a kafaɗa, wasu ana jan su suna kuka don sun zaci allura ce. Garga ne ya riƙa tsayar da su ana awo, gumi ya jiƙa gogaggiyar rigarsa.

Kwana bakwai keken Sha'aibu bai huta ba. Ranar sallah, a hanyar idi, ya ƙirga yara goma sha tara, kowanne sanye da irin shaddar ubansa, suna taku kamar su suka saya. Alhaji Abdussamad ya tare shi, da ɗan autansa a hannu.

"Malam Sha'aibu, in Allah ya dawo mana da ƙoshi fa? Rigar nan ba za ta shige ni ba."

"Sai ka ba yaron, Alhaji. Kafin nan ya kai."